Ɗakin Kwamfutar Makaranta: Uwa Ɗaya, 'Ya'ya Arba'in

Tun daga shekarar 2015, lokacin da hukumar JAMB ta ajiye takarda da fensir ta mayar da jarrabawarta kacokan kan kwamfuta, ɗakin kwamfuta ya tashi daga abin ado a makarantar sakandare, ya zama mashigar da duk mai neman gurbi a jami'a zai bi. Hukumar WAEC ta bi sahu a farkon 2024 da ɗalibai masu zaman kansu, sannan a 2025 Ministan Ilimi, Dokta Tunji Alausa, ya bayyana ƙudurin gwamnatin tarayya na mayar da jarrabawar WAEC da ta NECO kan kwamfuta. Ko an cika wa'adin ko an ɗaga shi, alƙibla dai ta bayyana. Yaron da bai taɓa zama gaban kwamfuta ba sai ranar jarrabawa, jarrabawa biyu yake zanawa a zama ɗaya: ta darasin da ya karanta, da ta na'urar da bai saba da ita ba.

Ɗakunan kuwa akwai su. Gwamnatoci sun gina, ƙungiyoyin tsofaffin ɗalibai sun ba da gudummawa, 'yan majalisa ma sun sanya nasu cikin ayyukan mazaɓu. Sai dai duk mai zagaya makarantu ya san abin da ake tararwa shekara biyu ko uku bayan bikin buɗewa: ƙofa da kwaɗo, tebura sun sha ƙura, kwamfutocin da ke tashi 'yan ƙalilan, sauran an lulluɓe su da leda ana jiran injiniya daga babban birni. Akan ɗora laifin a kan rashin wuta, kuma lallai wuta tana da nata kason. Amma akwai wani dalilin da ba a cika ambatawa ba, shi ne yadda aka tsara ɗakin tun ranar farko.

Kwamfuta arba'in, kowace da rumbun ajiyarta da babbar manhajarta, tamkar gida arba'in ne kowanne da rijiyarsa, aka kuma ɗora wa mutum ɗaya yasar su duka. Wannan ɗalibi ya soka filashi mai ɗauke da cuta, wancan ya sauya kalmar sirri ya manta, wani ya goge abin da bai san amfaninsa ba, ga wutar da ke ɗaukewa babu sallama tana lalata rumbunan ɗaya bayan ɗaya. Mu ƙaddara sake ɗora manhaja a kan kwamfuta guda yana cin awa biyu. Arba'in za su ci awa tamanin, wato mako biyu cur na aiki. Malamin da aka damƙa wa makulli yana da azuzuwa tun daga ƙaramar sakandare har babba, ga gyaran takardun jarrabawa na jiransa. Ina zai samo mako biyun? Da ya ga aikin ya fi ƙarfinsa, ya kuma san cewa duk abin da ya lalace shi za a tuhuma, sai ya zaɓi abin da ya fi masa kwanciyar hankali, ya garƙame ɗakin.

Akwai wani tsarin da aka ƙirƙiro domin irin wannan matsala, kuma ya haura shekara ashirin ana amfani da shi. A wannan tsari babbar kwamfuta ɗaya ce ke riƙe da manhaja da fayilolin ɗalibai, ita ce ake kira sabar, ko uwar garke. Sauran da ke kan teburan ɗalibai ba su da rumbu, ko kuma suna da shi amma ba a amfani da shi. Duk lokacin da aka kunna su, ta cikin waya suke ɗauko abin da za su tashi da shi daga wurin uwar. Wani Ba'amurke mai suna Jim McQuillan ya fara aikin da ake kira LTSP a 1999, wanda ya sauƙaƙa yin haka a kan manhajar Linux, wadda kyauta ce. A 2001 wasu 'yan ƙasar Norwe suka kafa Skolelinux domin makarantunsu. A Afirka ta Kudu, gidauniyar Mark Shuttleworth ta ɗauki nauyin shirin tuXlab, wanda ya kafa ɗakuna a makarantu fiye da ɗari, akasarinsu da tsofaffin kwamfutocin da aka gyara, aka jona su da sabar guda. A 2019 kuma wani malamin makaranta ɗan ƙasar Girka, Alkis Georgopoulos, ya sake rubuta LTSP daga tushe. Mai karatu ya lura da cewa makarantu masu ƙarancin kuɗi da ƙarancin ma'aikata ne suka reni wannan fasaha, domin su ne suka fi jin zafin matsalar.

Yadda abin ke gudana ba shi da wuyar fahimta. Kwamfuta marar rumbu takan farka ne kamar baƙon da ya sauka a gari da dare, bai san kowa ba, abin da kawai ya sani shi ne sunansa. Akwai 'yar ƙaramar manhaja a jikin katin sadarwarta, bisa ƙa'idar PXE da kamfanin Intel ya fitar a ƙarshen shekarun 1990, wadda aikinta shi ne ta yi shela a cikin waya tana neman masauki. Mai amsa wannan shela shi ne hidimar DHCP, kuma matsayinsa matsayin mai unguwa ne: ya ba baƙon lambar adireshi, ya faɗa masa gidan da zai je da sunan fayil ɗin da zai karɓa. Mataki na biyu ke nan. A na uku baƙon yakan je ya karɓi wannan ɗan fayil ta wata hanya mai sauƙi da ake kira TFTP, fayil ɗin kuma ya janyo zuciyar babbar manhaja. A na huɗu sai kwamfutar ta jingina da babban kundin manhaja da ke kan sabar, yawanci ta hanyar NFS, ta riƙa karanta shi kamar a cikinta yake. Daga nan allon shiga ya bayyana, ɗalibi ya rubuta sunansa da kalmar sirrinsa, ya tarar da fayilolinsa ko a wane tebur ya zauna.

Tsarin iri biyu ne. A na farko sabar ce ke yin dukan aikin lissafi, ta teburin ɗalibi hoto kawai take nunawa, tana aika abin da aka danna. Wannan ya dace da na'urori masu rauni ƙwarai, amma yana jibga wa sabar kaya, musamman idan yara arba'in suka buɗe bidiyo a lokaci guda. A na biyu kwamfutar ɗalibi takan ɗauko manhajar daga sabar, sannan ta yi aikin da nata ƙarfin. Sabon LTSP ga na biyun ya karkata, domin ko tsofaffin kwamfutocin yanzu suna da ƙarfin da zai ishe su.

Amfanin farko a bayyane yake: gyara ɗaya ya wadatar da ɗaki. Malami ya sabunta manhaja sau ɗaya a kan sabar, gobe da safe duk teburan su tashi da sabuwa. Babban kundin karantawa kawai ake yi, ba a rubutu a kansa, saboda haka duk ɓarnar da ɗalibi ya yi wa manhajar tana gushewa da zarar an kashe an kunna. Idan ta tebur na goma sha biyu ta ƙone, a ɗauke ta a ajiye wata, a soka waya, aiki ya ci gaba.

Amfani na biyu ya shafi aljihu. Ranar 14 ga Oktoba 2025 ce kamfanin Microsoft ya tsayar domin daina tallafa wa Windows 10, kuma Windows 11 tana da sharuɗɗan da tsofaffin na'urori da yawa ba su cika ba. Ma'ana, bankuna da ma'aikatu da jami'o'i suna da ɗimbin kwamfutoci masu lafiya da za su zama kayan gwanjo. Irin waɗannan, ko da rumbunansu sun mutu, suna iya shekaru suna aiki a ɗakin makaranta. Sai dai a nan akwai abin lura. Tsohuwar kwamfutar tebur ba ta rage cin wuta don an cire mata rumbu, ragin ɗan kaɗan ne. Idan kowace da allonta tana jan wat 120, arba'in za su ja wat 4,800. Ƙananan na'urorin da aka ƙera musamman domin wannan aiki, ko irin su Raspberry Pi 4 wadda cajarta ba ta wuce wat 15 ba, idan aka haɗa da allo mai wat 20, arba'in ɗinsu wat 1,400 ne. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayu na 2023, kowane shugaban makaranta ya san abin da awa ɗaya ta janareto ke ci, kuma duhun da ya rufe yawancin jihohin Arewa na kwanaki a Oktoban 2024 ya nuna cewa ɗakin da ba shi da sola ɗakin jiran tsammani ne. Makarantar da ke da wuta ta karɓi tsofaffin. Wadda za ta dogara da sola ta yi lissafin wat kafin ta karɓi kyauta, domin wata kyautar ɗawainiya ce.

To, ina matsalar take? Tsarin sarƙa ne, kuma duk zoben da ya tsinke, alamar da ake gani a ido ɗaya ce: kwamfuta ta ƙi tashi. Wanda bai san zobban ba zai ce duk ɗakin ya lalace. Wanda ya san su kuwa yakan gano wurin cikin mintuna kaɗan, domin ƙa'idar binciken biyu ce kawai. Ta farko, a tambaya: guda ɗaya ce ta ƙi, ko wani layi, ko duka? Idan ɗaya ce, laifin yana jikinta ko a wayarta. Idan layi ne, a duba akwatin rarraba wayoyi, wato suwic, da ke ciyar da layin. Idan duka ne, a nufi sabar ko babbar wayar da ta fito daga gare ta. Ƙa'ida ta biyu, a karanta abin da ke kan allo kafin a taɓa komai, sannan a bi matakan bisa jerinsu.

Na'urar ba ta ɓoye ciwonta. A kan yawancin tsofaffin kwamfutoci, idan allo ya nuna PXE-E61, yana cewa ne bai ji waya ba sam: ko ta zare, ko kanta ya karye, ko ɓera ya ci ta a cikin rufi, ko suwic ba shi da wuta. Fitilar da ke bakin ramin waya za ta tabbatar da haka. Idan E51 ya nuna, waya lafiya lau take, an yi shela amma mai unguwa bai amsa ba, wato hidimar DHCP ta tsaya ko sabar ba ta gama tashi ba. Shi ya sa doka ta farko a irin wannan ɗaki ita ce a kunna uwa, a jira ta, kafin a kunna 'ya'ya. Wasu manyan suwic kuma sukan riƙe kowace sabuwar waya na kimanin daƙiƙa 30 suna tantance ta, kafin su sake ta kwamfutar ta gaji da jira, sai an sauya wannan saitin.

E53 ya fi su ban sha'awa. Ma'anarsa an ba baƙo adireshi, amma ba a faɗa masa fayil ɗin da zai karɓa ba. Galibi abin da ya faru shi ne wani mai kyakkyawar niyya ya kawo rauta ya jona domin a samu intanet, ita kuma rautar tana da nata DHCP, sai ta riga sabar amsawa alhali ba ta san komai game da fayil ɗin tashi ba. Ba a sarki biyu a gari ɗaya. Ko dai a kashe na rautar, ko a bar mata rabon adireshi, sabar ta tsaya ga faɗin sunan fayil, wanda manhajar dnsmasq ta iya yi. E32 kuma yana nufin an san gidan, an je an ƙwanƙwasa, ba a buɗe ba: hidimar TFTP ta mutu, ko katangar tsaro ta toshe ƙofa ta 69 da take amfani da ita. Sababbin kwamfutoci masu tsarin UEFI suna da nasu lambobin, kuma fayil ɗin tashinsu dabam yake da na tsofaffi masu BIOS, don haka ɗakin da aka gauraya iri biyun sai an koya wa sabar ta bambance su.

Akwai cututtukan da ba su da lamba. Tsohuwar kwamfuta tana da ɗan batir mai faɗin kwabo, CR2032, wanda ke riƙe mata saiti da agogo. Idan ya mutu takan manta cewa ta waya aka ce ta tashi, ta koma neman rumbun da babu shi, agogonta kuma ya koma shekarun baya har shafukan intanet su ƙi buɗewa. Batirin ɗan kuɗi kaɗan ne, amma ya isa ya sa a yanke wa na'ura hukuncin mutuwa. Haka nan idan ɗalibi ya ga waya na reto ya soka bakinta a suwic ɗin da ɗaya bakin yake, saƙonni za su riƙa kewaya ba iyaka har ɗakin duka ya sandare, alamarsa kuwa ita ce fitilun suwic su riƙa ƙiftawa tare kamar sun haukace. Idan kuma komai ya tashi amma an kasa shiga, a duba ko rumbun sabar ya cika da finafinai da waƙoƙin da aka tara, a yanka wa kowane ɗalibi iyakar abin da zai ajiye.

Sai jinkiri, wanda ya fi kowace cuta kashe gwiwar malami. A nan lissafi ne ke magana. Wayar da ke ɗaukar megabit 100 a daƙiƙa tana wuce da kimanin megabayit 12 ne. Idan kwamfuta arba'in kowace na buƙatar megabayit 300 kafin ta tashi, jimla 12,000 ke nan, kuma idan duka ta wannan ƙofa ɗaya za su bi, sai an yi kusan minti 17, a darasin da bai wuce minti arba'in ba. Da ƙofa mai gigabit ɗaya, abin ba zai kai minti biyu ba. Ita kanta wayar tana da ƙa'ida: kada tsawonta ya wuce mita 100, kuma ta zama ta jan ƙarfe zalla. Kasuwa cike take da wayar sanholo da aka shafa wa jan ƙarfe a baya, mai araha, mai saurin karyewa, wadda kan yi aiki ranar buɗewa ta fara gardama bayan zango ɗaya. Ga ƙurar hunturu da ke toshe fanka, ga zafin bazara da ke haura digiri 40 a Sakkwato da Maiduguri, ga tsawar damina da ke bin waya ta ƙone suwic.

Babban aibin tsarin shi ne ainihin abin da ya sa ake son sa. Komai yana wuri ɗaya, saboda haka ranar da uwa ta kwanta, 'ya'ya arba'in sun zama marayu. Maganinsa sananne ne: kwafin rumbun sabar a ajiye a ofishin shugaban makaranta, wata kwamfutar da aka riga aka gwada za ta iya maye gurbi, da batirin da zai riƙe sabar da suwic idan wuta ta ɗauke, ko da teburan sun mutu. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Wani zai ce ai yaranmu Windows za su tarar a waje, me ya sa za a koya musu Linux? Amsa ita ce abin da ɗalibin sakandare ke buƙata shi ne hannunsa ya saba da allon rubutu da linzami, ya iya buɗe fayil ya adana, ya iya rubutu da jadawalin lissafi, kuma waɗannan ba su da bambancin a-zo-a-gani tsakanin manhajojin biyu. Ita kanta jarrabawar JAMB da 'yan maɓallai kaɗan ana iya gama ta. Cibiyoyin jarrabawa suna da sharuɗɗan da hukumomi ke gindaya musu, wannan dabam. Maganarmu a kan ɗakin koyo ce, kuma ɗakin da ke buɗe kullum da Linux ya fi wanda ke kulle da manhaja mai tsada.

Duk abin da aka zayyana a sama bai fi ƙarfin malamin da ke da takardar NCE ba, idan an zaunar da shi mako guda an koya masa da hannu. A nan ne tsarin sayen kayanmu ke da rauni. Takardar kwangila takan ƙidaya akwatuna, domin akwati ake gani a hoto, ta yi shiru game da mutumin da zai rayu da su. Ina ba ma'aikatun ilimi da hukumomin makarantu da masu ba da gudummawa shawarar su sauya ma'aunin karɓar aiki. Kada a biya kason ƙarshe sai an horar da malamai biyu, domin ɗaya ana iya yi masa sauyin wurin aiki a tsakiyar zango. Ranar karɓa, jami'i ya sa a zare waya ɗaya a ɓoye, a jona rauta ta biyu, a kashe hidima ɗaya a kan sabar, sannan a ga ko malaman za su gano su ba tare da ɗan kwangila ya sa baki ba. Kowace waya a rubuta mata lamba a bakinta biyu. A manna jerin matakan tashi da ma'anar lambobin kuskure a bango, da Hausa da Turanci. A ajiye littafin da za a riƙa rubuta kowace matsala da yadda aka warware ta, domin wanda zai gaji ɗakin. Kalmar sirrin sabar kuma ta zama mallakar makaranta, a rufe a ambulan a ofis.

Mu ma da ke jami'o'i da kwalejojin ilimi da na fasaha muna da namu nauyin. Muna yaye ɗaliban da suka haddace matakan sadarwa bakwai domin jarrabawa, da yawansu ba su taɓa matse kan waya da hannunsu ba. Kafa ɗaki irin wannan a makarantar unguwa aikin kammala karatu ne da ya fi kundin da zai ƙare a kan kanta, kuma ɗalibai masu koyon aiki a ƙarƙashin SIWES da masu yi wa ƙasa hidima suna iya zama hannun da malaman ke buƙata. Su kansu yaran sakandaren a sa su a ciki. Yarinyar da ta ga E61 a allo, ta duƙa ta bi waya har ta gano inda ta zare, ta koyi bin dalili daki-daki, wanda shi ne tushen kowane ilimin kimiyya, ta kuma daina jin tsoron na'urar da za ta yanke mata hukunci ranar jarrabawa.

Shugaban makarantar da ke da kwamfutoci lulluɓe da leda, kafin ya rubuta takardar neman sababbi, ya sa a ƙirga nawa ne a cikinsu rumbu kawai ya mutu. Mai yiwuwa ɗakin da yake roƙo yana nan a bayan kwaɗon da makullinsa ke aljihunsa. Allah Ya sa mu dace.